Tsafi a Cikin Aji: Nazarin Ra'ayoyin 'Yan Kallo a Ƙasar Haɗejiya Game da Fim ɗin Harry Potter

Gabatarwa

Nufin wannan takarda shi ne ta duba irin ra'ayoyin da 'yan kallo a ƙasar Haɗejiya suke bayyanawa game da fim ɗin nan na yaro Harry Potter, sa'an nan ta auna su a ma'aunin fim ɗin kansa da na adabinmu na Hausa. In na ce ƙasar Haɗejiya, ina nufin birnin da garuruwan da ke bin kogi da fadamunsa, tun daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Kiri Kasamma da Guri, inda ruwa yake rarrabuwa ya nufi Nguru. An zaɓi wannan yanki ne domin a cikinsa abubuwa uku suka haɗu waɗanda fim ɗin yake taɓawa, watau tsohuwar al'adar karatun tsangaya, da makarantun kwana na boko, da kuma asiran sana'o'in gado irin na masunta da maharba.

Asalin labarin littafi ne da wata marubuciya 'yar Ingila, J. K. Rowling, ta rubuta, kamfanin Bloomsbury na Landan ya buga a 1997. Littattafan sun kai bakwai, na ƙarshe ya fito a 2007. Kamfanin Warner Bros. na Amurka ya mai da su fim guda takwas tsakanin 2001 da 2011, domin an raba littafi na bakwai gida biyu. Na farkonsu, Harry Potter and the Philosopher's Stone, wanda Chris Columbus ya shirya, Daniel Radcliffe kuma ya fito a matsayin tauraro, shi ne ginshiƙin wannan nazari, ko da yake zan riƙa leƙa na bayansa in buƙata ta taso.

Ga labarin a gurguje. Harry maraya ne. Wani hatsabibi mai suna Voldemort ya kashe iyayensa tun yana jariri, ya nemi ya haɗa da shi, abin ya faskara, sai tabo ya bar masa a goshi. Yaron ya tashi a hannun yayar uwarsa da mijinta, suna kwantar da shi a wani lungu ƙarƙashin matakala, suna shagwaɓa nasu ɗan. Da ya cika shekara 11 sai aka ɗauke shi zuwa Hogwarts, makarantar kwana inda ake koya wa yara sihiri aji-aji har shekara bakwai. A shekararsa ta farko, shi da abokansa biyu, Ron da Hermione, suka hana Voldemort sace wani dutse mai ba da tsawon rai.

Fim ɗin bai zo wa mutanen wannan yanki ta babban gidan silima ba. Ya zo ne ta faifan bidiyo da gidajen kallo, da tashoshin waje da ake kamawa da tauraron ɗan'adam, daga baya kuma ta masu tura fim a wayar hannu. Da yawa daga masu kallonsa ba su jin Turancin Ingila mai sauri, saboda haka wanda ya fi kowa ji a wurin shi ke zama tafinta. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, abin al'ajabin da ke cikin fim ɗin bai isa ya raba kan 'yan kallo ba, domin Bahaushe ya daɗe da sabawa da irinsa a labari. Abin da ya raba su shi ne an ɗauki wannan abu an kai shi makaranta.

Matsalar suna

A wurin da ƙaton nan Hagrid ya fara shaida wa yaron ko shi wane ne, kalma guda ya faɗa ta Ingilishi, wizard. Amma tafintan Hausa yana da aƙalla biyar a gabansa, kowace kuwa da hukuncinta a goye. In ya ce maye, ya gama da yaron, domin maye a wurinmu mai kama kurwa ne, mai ƙanƙara a ciki, wanda ake zargi in wani ya kwanta ciwo yana sambatu, har a tilasta masa ya tsallake majinyacin. Ba a yin tauraro da maye. In ya ce boka, ya kawo mai saiwoyi da ƙulle-ƙulle wanda ake zuwa wurinsa da kuɗi da buƙata, alhali ba wanda ya taɓa zuwa wurin Harry neman magani. In ya ce matsafi, ya kawo gunki da yanka da jinin baƙar akuya. Mai sihiri kalma ce ta littafi, tana jawo hukuncin shari'a da ƙissar Annabi Musa da masihirtan Fir'auna. Saura ɗan dabo, mai rufa ido a kasuwa, wanda yara ke bi suna shewa, shi kuwa ya yi wa labarin kaɗan, don a cikin fim ɗin mutuwa ake yi da gaske.

Ta fuskar yadda ake samun abin, maita ce ta fi kusa, tun da yake Harry haihuwarsa aka yi da shi, bai saya ba bai roƙa ba, kamar yadda ake cewa ana shan maita a nono. Ta fuskar aiki kuwa dabo ya fi kusa: a sa gashin tsuntsu ya tashi sama, a buɗe ƙofa ba mabuɗi, malama ta rikiɗa ta zama kyanwa. Amma kalmar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce tsafi. Sai ka ji ana cewa fim ɗin tsafi, ko makarantar matsafa, kuma daga wannan zaɓi ne rabin gardamar ta taso.

Hoto ma yana da nasa tafintan. A Turai tun zamanin Girkawa ake danganta mujiya da hikima, a cikin fim kuwa ita ce masinja mai kai wasiƙa, fara sol, kyauta ce ma aka yi wa yaron da ita. Mutanen fadamar Haɗejiya kuwa masana tsuntsaye ne, a dajinsu na Baturiya tsuntsayen Turai suke sauka duk hunturu, kowane tsuntsu kuma da matsayinsa a wurinsu. Shamuwa mai albishir da damina ce, ba a jifanta. Mujiya kuwa in ta yi kuka a kan ɗaki da dare sai a yi ta salati, da ita ake misalin baƙin jini. Yaron da ya fito ɗauke da mujiya a keji, an riga an yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba.

Masu cewa koyar da tsafi ake yi

Kashi na farko na 'yan kallo, galibinsu iyaye da malaman addini, har da waɗanda labari kawai suka ji, cewa suke yi fim ɗin yana koya wa yara tsafi, yana kuma ƙawata musu shi. Wannan ra'ayi ba a nan kaɗai yake ba. A Amurka, ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta ƙasar ta sa waɗannan littattafai a kan gaba cikin waɗanda aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009. A ƙarshen 2001 wani coci a garin Alamogordo ya ƙona su a bainar jama'a, a 2002 kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana su a makarantu masu zaman kansu. Ya kamata a tuna da lokacin da fim ɗin ya iso mana ma. Jigawa da Kano sun ƙaddamar da shari'a a 2000, Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, watau lokaci ne da ake sa ido ƙwarai a kan abin da yara suke kallo.

Amma a nan akwai abin tambaya. Yaushe Bahaushe ya fara ƙyamar abin al'ajabi a cikin labari? Littattafan da gasar 1933 ta haifar, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, cike suke da shi. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da taimakon aljannu ya kai ga ruwan da ya fita nema. Ganɗoki na Bello Kagara, bayan ya gama da yaƙin Turawa, ƙasar aljannu ya faɗa. Abubakar na Jiki Magayi daji ya shiga neman sammun da zai rama abin da aka yi masa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo duk a aji aka karanta su, malami na tsaye da alli a hannu. Littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari suka yi ta haya, da wuya a wuce babi babu boka da madubin tsafi. Fina-finan Indiya irin su Nagin na 1976, inda macijiya take rikiɗa ta zama mace, an kalle su an sake kallo. Har Merlin, wasan da BBC ta yi daga 2008 zuwa 2012, wanda shi ma yaro ne mai sihiri, ya sami karɓuwa ba da wata hayaniya ba, wataƙila don mai kallo ya gane shi: bokan fada ne yana tsaron ɗan sarki a ɓoye, abin da labaran sarakunanmu suka saba da shi.

Abin da Harry Potter ya zo da shi wanda waɗancan ba su da shi, shi ne aji. Kalmar makaranta daga karatu take, karatu kuwa in an ambace shi ba da wani ƙari ba, Alƙur'ani ake nufi. Wannan ya fi ƙarfi a ƙasar Haɗejiya, domin tana cikin yankin nan na Gabas da almajirai suke nufa tun daga Kano da Katsina don neman tilawa, ƙasar alarammomi da gwanaye. Mutumin da ya tashi a tsangaya, ya san kolo ya san titibiri ya san gardi, ya san ba a zama alaramma sai an hau matakan nan ɗaya bayan ɗaya, to in ya dubi Hogwarts me zai gani? Zai ga yaro an raba shi da gida an kai shi nesa wurin malamai. Zai ga matakai. Zai ga alƙalami da tawada da tsofaffin littattafai. Zai ga ana biya kalmomin wani harshe da ba na gida ba, malami ya faɗa ɗalibai su amsa. Har ma akwai wurin da Hermione take yi wa Ron gyaran lafazi, tana nuna masa inda zai ja da inda zai taƙaita, in bai faɗa daidai ba abin ba zai ci ba. Duk wanda ya taɓa zama a gaban malami ana yi masa gyaran baƙi da wasali ya san wannan zama. Watau an ɗauko siffar da ya fi girmamawa a duniya, an zuba mata abin da ya fi tsoro. Daɗin daɗawa, aya ta 102 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce malamai suka fi kafa hujja da ita a wannan babi, a kan koyar da sihiri da koyonsa take magana, inda ta ambaci Haruta da Maruta a Babila. Ashe ke nan koyarwar ce cibiyar laifin, fim ɗin kuwa kacokan a kanta aka gina shi.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba na addini ba, na al'ada ne. Bahaushe yana kiran irin wannan sani asiri, watau abin ɓoyewa. Masuncin da ke shiga gurbi mai kada ya fito lafiya, da maharbi mai layar zana, da maƙerin da ke wasa da wuta, da ɗan tauri, ba wanda ya koyi nasa a cikin taro. Uba ne yake ba ɗan da ya yarda da shi, a kaɗaice, bayan ya ga hankalinsa, kuma da sharaɗi: kada ka ci kaza, kada ka kusanci kaza, ran da ka karya ya karye, wani lokaci ya koma kanka. A tara ɗaruruwan yara maza da mata a raba musu asiri da rana tsaka, har a yi musu jarrabawa a kansa, wannan ko a idon wanda ya yarda da asiri ɓarna ce.

To, wannan shi ne tushen ƙyamar, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma aikin manazarci shi ne ya koma ga fim ɗin ya tambaye shi. Daga ina ƙarfin yaran nan yake fitowa? Tsafi a fahimtar Bahaushe yana da mai shi, yana kuma da farashi. Akwai iska ko aljani ko gunki da ake roƙo, akwai abin da ake yanka masa, akwai alkawarin da ake ɗauka. A ajin Hogwarts ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a kiran kowa, ba a yanka ko kaza, ba a rusuna wa komai. A ɗaga 'yar sanda, a faɗi kalma daidai, abu ya faru, kamar yadda ake danna maɓalli fitila ta kama. Ajin haɗa magunguna da tukwanensa da awonsa, ɗakin gwaje-gwajen Makarantar Kimiyya ta Kafin Hausa ya fi kama da shi a kan bukkar boka.

Wuri guda ne a cikin labarin ake samun tsafi mai jini da farashi irin wanda muka sani, shi ne wurin Voldemort. A fim na farko shi ne yake bin dare a daji yana shan jinin wata dabba mai tsarki don ya rayu, aka kuma faɗa a fili cewa wanda ya yi haka rayuwarsa la'ananniya ce. A na huɗu, na 2005, da ƙashin ubansa da tsokar baransa da jinin maƙiyinsa aka dafa a tukunya ya dawo da jiki. A na shida, na 2009, aka bayyana cewa ya tsattsaga kurwarsa ya ɓoye a cikin kayayyaki, kuma ba a tsaga kurwa sai da kisan kai. Duk abin da Bahaushe yake nufi in ya ce tsafi yana nan, fim ɗin kuma a wuyan mugu ya rataya shi. A wannan gaɓa mai suka da abin da yake suka bakinsu ɗaya, ba su dai sani ba. Inda masu suka suke da gaskiya ƙarara shi ne ajin duba da ya fito a fim na uku, na 2004, inda ake karanta gaibu a gindin kofin shayi da ƙwallon gilashi. Wannan kam duba ne, ɗan'uwan bugun ƙasa da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi suka a kansa cikin Nurul Albab. Ko da yake fim ɗin yana yi wa malamar ajin ba'a, a ƙarshe ya bar maganarta ta tabbata.

Sai dai akwai wata suka da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda 'yan kallo suke ji a jikinsu amma ba su cika furta ta ba. Iliya gurgu ne, ƙarfinsa kyauta ce daga Allah, ya kuma san haka. Taurarin littattafanmu in sun shiga uku Allah suke kira, in sun fita godiya suke yi. A fim ɗin Harry Potter na farko, awa biyu da rabi, ba wanda ya ɗaga hannu ya yi roƙo, ko da yana bakin mutuwa. Ana bikin Kirsimeti, amma na ci da sha da kyaututtuka. Duniya ce cike da iko ba tare da Mai iko ba, wannan kuwa shi ne baƙon abu na gaske a wurin mai kallo na Haɗejiya. Abin sha'awa shi ne yadda yake cike giɓin da kansa. A ƙarshen fim an ce ƙaunar uwarsa, wadda ta ba da ranta dominsa, ita ce ta zauna a jikin yaron har mugu ya kasa taɓa shi. Da wannan ya ratsa ta bakin tafinta sai ya zama albarkar uwa, ko addu'ar uwa, 'yan kallo su gyaɗa kai. Sun mai da wa labarin abin da masu shi suka cire.

Masu cewa tatsuniya ce

Kashi na biyu, galibi samari da 'yan boko, amsarsu gajera ce: ai tatsuniya ce, me ya raba ta da ta Gizo da Ƙoƙi? Ta wajen kayan gini suna da gaskiya. Ga maraya, ga dodo, ga kare mai kai uku yana gadin taska, ga mayafin da in an lulluɓa ake ɓacewa, wanda duk ɗan ƙauye zai ce maka baduhu ne.

Amma tatsuniya tana da ƙofa tana da makulli. Da dare ake yin ta, a buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, mai ba da ita ma takan shaida da bakinta cewa ƙarya ta shirga. Ba ta ambaton gari na gaske. Fim ɗin kuwa a wata unguwa ya fara mai motoci da fitilun titi, jirgin makarantar kuma daga King's Cross yake tashi, tasha ce ta gaske a Landan, har an kafa rabin amalanke a jikin bangonta don masu zuwa ɗaukar hoto. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da ƙurunƙus. Saboda haka uban da ya ce wannan ba irin tatsuniyar kakarsa ba ce bai yi kuskure ba. Inda na rabu da shi shi ne zaton da yake yi cewa yaro ba ya bambancewa. Yaron da ya hau karan dawa ya ce dokinsa ne, yana sukuwa yana za da linzami, ba a taɓa ganin ya je neman masa harawa ba. Kalmomin da ake faɗa a ajin Hogwarts kuwa gutsattsarin Latin ne da marubuciyar ta harhaɗa, ko shekara aka yi ana biya su ba za su ɗaga tsinke ba. In akwai abin da yaro zai kwasa daga fim ɗin ya yi aiki da shi, a wani wurin yake.

'Yan makarantar kwana da malamansu

Kashi na uku ba su cika shiga gardamar halal da haram ba. Su ne waɗanda suka yi makarantar kwana, kuma su makarantarsu suke gani. Ga takardar kira da jerin kayan da za a saya, ga akwati, ga raba ɗalibai gida-gida kowane gida da launinsa, ga manyan ɗalibai masu riƙe da doka, ga ɗakin cin abinci, ga gasar wasanni tsakanin gidaje, ga malamin nan da ya tsane ka ba ka san abin da ka yi masa ba. Wannan kama ba ta banza ba ce. Tsarin makarantun kwana na Ingila shi ne aka dasa a Kwalejin Katsina a 1921, daga can ya bazu zuwa makarantun midil da sakandare na Arewa. Hogwarts da makarantunmu kakansu ɗaya.

Dattawa ma suna da nasu abin ganewa. Mijin yayar uwar Harry ya ƙona wasiƙu, ya toshe ƙofa, daga ƙarshe ya kwashi iyalinsa ya gudu wata bukka a tsakiyar teku don kada makaranta ta ɗauki yaron, amma duk da haka ɗan aike ya ɓalle ƙofa ya shigo. Wanda ya ga zamanin kamun 'yan makaranta, lokacin da ake ɓoye yara a rumbu in an ji mai unguwa ya taho da takarda, ba ya buƙatar tafinta a nan. Bambancin kawai shi ne fim ɗin ɗan aiken ya goya wa baya. Jirgin ƙasan da ke kwasar ɗalibai yana tuna wa wasu layin dogon da ya ratsa Malam Madori zuwa Nguru tun 1930. Sababbin ɗalibai kuwa a cikin kwale-kwale suke haye tafki su isa makaranta, abin da Bature yake gani al'ajabi, amma yaron ƙauyukan Guri da ruwa kan yanke da damina yake gani safiyar Litinin.

Daga cikin wannan kashi ne, musamman malaman makaranta, ake jin sukar da na fi ba muhimmanci, ita ce fim ɗin yana saka wa mai karya doka da alheri. An ce kada kowa ya hau tsintsiya sai malama ta dawo, Harry ya hau, maimakon horo sai aka sa shi cikin 'yan wasan gidansu, har aka aiko masa da sabuwar tsintsiya. An hana yawon dare, ya yi. An hana shiga wani sashe na bene na uku, ya shiga. Ran rufe makaranta gidan Slytherin yana da maki 472, gidan su Harry yana can ƙarshe da 312, an riga an ƙawata zaure da tutocin waɗanda suka ci. Sai shugaban makaranta ya miƙe ya raba wa yara huɗu na gidan su Harry maki 170, suka koma 482, aka sauya tutoci a gaban yaran da suka yi shekara suna tarawa. An shirya wurin don mai kallo ya yi tafi, kuma yana yi. Amma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san sunan wannan abu, son kai ne, ya kuma san abin da yake haifarwa a zukatan sauran ɗalibai.

A gwada wannan da tatsuniyarmu ta 'yar bora da 'yar mowa. Lalle Harry ɗan bora ne a gidan riƙo, Dudley kuma ɗan mowa. Amma 'yar bora da aka aika wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, da ladabi da haƙuri da bin umarni ta sami arzikinta, 'yar mowa kuma ta rasa saboda tsiwa. Harry fa, da me ya samu? In an duba da kyau, da gado. Sunansa ya riga shi isa makaranta saboda abin da ya faru yana cikin tsumma. Iyayensa sun bar masa tulin zinariya a banki. Mayafin ɓacewa na ubansa ne, gwanintar wasa ma an nuna masa sunan uban a jikin lambar yabo. Ba a hana shi jaruntaka da riƙon amana ba, yana da su. Amma labarin da ya fara kamar na ɗan talaka, da aka je tsakiya sai ya zama na ɗan sarkin da aka ɓoye.

Bahaushe yana raba masu sana'a gida biyu, ɗan gado da ɗan haye, ya kuma san gorin da ake yi wa na biyun. 'Yar haye a wannan labari ita ce Hermione. Iyayenta likitocin haƙori ne, ba su san komai ba a wannan fanni, ba ta da suna ba ta da taska, sai littafi. Tun kafin a buɗe makaranta ta riga ta karance littattafan, a fim na biyu kuma, na 2002, wani ɗan gado ya zage ta da cewa jininta gurɓatacce ne. Ita ce ta fi kama da yarinyar da ta fito daga gidan masunta ko manoman shinkafa, ta farko a zuriyarsu da ta shiga sakandare, ba mamaki kuwa in 'yan mata 'yan makaranta ita suke bi da ido. A cikin littafin, shinge na ƙarshe kafin a kai ga dutsen wata ƙacici-ƙacici ce ta kwalabe bakwai, wadda ba sanda ba tsintsiya, hankali kawai take buƙata, Hermione ce kuma ta warware ta. Masu shirya fim sun bar wasan tsintsiya na Harry, sun bar wasan dara na Ron, suka cire kwalaben. Da aka zo rabon maki aka ba ta 50, aka ba Harry 60.